Fasa dutse da ruwa ko duba ɓarmewar rijiya: wanne ya fi auna matsin ƙasa?

Ɗan'uwa, ka tambaya: in ana son sanin matsin da duwatsu ke ciki a ƙarƙashin ƙasa, kamar a rijiyoyin mai na Kolmani ko Agadem, wanne ya fi, a fasa dutsen da ruwa ko a duba yadda bangon rijiya ya ɓarme? Ai kowanne da irin labarin da yake bayarwa.

Matsin da ke saukowa daga sama ba ya ba da wahala, nauyin abin da ke bisa ne, wajen megafaskal (ma'aunin matsi) 23 a kowace kilomita ta zurfi. Na gefe ne ke sa a yi gumi, don kashi biyu ne, babba da ƙarami.

Ɓarmewa alƙibla take nunawa. Ramin da aka haƙa a kewaye sai ya koma siffar ƙwai, saboda gefe biyu masu kallon juna sun zube, kuma ta nan ƙaramin matsi yake. A 1979 masana biyu, Bell da Gough, suka bayyana haka daga rijiyoyin Alberta a Kanada. Araha gare ta, tunda dama ana zura na'ura mai hannaye huɗu ta auna faɗin ramin. Sai dai ba ta faɗin ƙarfin matsin kai tsaye, kuma lakar haƙa, wato ruwan lakar da ake turawa cikin rijiya yayin haƙa, kan zaizaye bango ta ruɗi wanda bai ƙware ba.

Fasawa kuwa lamba take ba ka. A toshe wani ɗan yanki na rijiyar sama da ƙasa, a tura ruwa har dutsen ya tsage, a kashe famfo, a zuba wa ma'auni ido yana sauka. Lambar da ma'auni ya nuna lokacin da tsagar ta rufe bakinta, ita ce ƙaramin matsi. Akwai tsada, don injin haƙa yana tsaye ba aiki, ana kuma biyan kuɗinsa.

Ni dai, in ɗaya kuɗi zai isa, fasawa zan zaɓa, domin da ita ake sanin iyakar nauyin lakar da rijiya za ta ɗauka, kuma akwai rayukan ma'aikata a kai. Amma kada a auna wuri ɗaya a ce an san yankin duka. Dutsen laka yakan riƙe matsin gefe fiye da dutsen yashin da ke maƙwabtaka da shi. A Tekun Arewa ta Turai, shimfiɗar gishiri ta raba sama da ƙasa, har alƙiblar matsin da ke bisanta kan saɓa da ta ƙarƙashinta.