Gargaɗi ga masu neman tsohuwar a-kori-kura mai injin da ba kwamfuta

Jama'a, yau kwana goma sha tara ina danne wannan magana a cikina, na kasa. Kunya ce ta hana ni rubutawa tun farko, don na san akwai masu cewa ai ni na kai kaina. To ku faɗa. Amma ku karanta tukuna, domin har yanzu tallan mutumin da ya damfare ni da mota na yawo a intanet da wata sabuwar lambar waya, hotunan ma bai sauya ba.

Shekara huɗu ina tara kuɗin nan. Shekara huɗu cur. Abin da nake nema a-kori-kura ce tsohuwa, mai jan ƙafa huɗu, mai injin dizal irin na da, wanda babu kwamfuta a cikinsa. Aikina a hanyar da ba kwalta yake, inda idan mota ta mutu maka babu mai zuwa da na'ura ya jona ya karanta maka laifinta. Injin na da kuwa famfon mansa ƙarfe ne zalla. Wayar totur ta taso daga ƙafarka ta je ta ja hannun famfo, sai wayar wuta guda mai buɗe mai, ka kashe makulli ta rufe, injin ya mutu. Iska ta shiga layin mai, ka danna famfon hannu da ke kan filta, ka sassauta nozul, ka fitar da ita, ka ci gaba da tafiyarka. Bakanike mai sifana da sukuddireba ya ishe ka. Abin da nake so ke nan, kuma abin da na biya ke nan.

Kada wani ya ce ban san abin da nake nema ba. Na san injin 3L mai lita 2.8 da ke cikin tsofaffin Hilux. Na san 5L mai lita 3.0. Na san 1HZ na Land Cruiser, silinda shida, lita 4.2, wanda Toyota ta fara tun 1990. Na san TD42 na Nissan Patrol. Na kuma san abin da nake gudu, wato D-4D da 'yan uwansa, waɗanda ke fesa mai da matsi mai tsanani, ɗan ruwa ko datti a cikin mai ya lalata musu nozul. Land Cruiser ta fi ƙarfin aljihuna, shi ya sa na tsaya a kan Hilux mai 5L. Na yi karatun abin nan fiye da yadda wasu ke karatun jarrabawa, kuma a cikin watannin nan motoci shida na duba na ƙi. Shida. Mai gaggawa ba ya ƙin mota shida.

Tallan ya ce Hilux, ƙafa huɗu, injin 5L, kilomita 186,000, hannu ɗaya. Da na kira shi, kafin in gama tambaya ya tare ni: "Yallaɓai, na gane ka. Kai irin mutanen nan ne da ba sa son ƙwaƙwalwar mota. Wannan babu, ko waya biyu ba za ka gani a jikin famfonta ba." Ya turo bidiyon injin yana aiki, kuma famfon da ke cikin bidiyon na gargajiya ne, na gan shi da idona, bidiyon na nan a wayata. Daga baya na gane injin wata motar ya ɗauka. Ku duba launin fentin gefen bonet idan na saka, ba ɗaya ba ne da na motar da ya ba ni.

Rabin kuɗin na tura masa kafin alƙalami. Rabi. Ban ga motar ba na tura rabin kuɗin shekara huɗu, saboda ya ce wani ya zo da kuɗi a hannu zai ɗauka da safe. A'a, ba ranar ba ce ma, sai washegari, bayan ya turo saƙon murya yana rantsuwa cewa ya hana wancan ne don ya ga ni na san darajar motar. Saƙon ma yana nan. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in.

Abin da ke hana ni barci shi ne lokacin da muka tsaya a gaban motar. Ya sa ni jira tun la'asar, wai yaronsa ya tafi da ita wanki, ba a kawo ta ba sai dab da magariba. Na ɗora hannu a bonet na ji ɗumi. Na ji, wallahi na ji, har na ce masa na so a tayar da ita a gabana injin na sanyi, don a lokacin ne ake ganin hayaƙi da wahalar tashi. Sai ya dafa kafaɗata ya ce: "Yallaɓai, tsakani da Allah, ba zan ɓoye maka ba, birkin hannunta ba ya kamawa, sai ka gyara. Shi ne kawai laifinta." Nan jikina ya yi sanyi. Na ce a raina, mutumin da ya faɗi laifin kayansa ba a tambaye shi ba, ai mai tsoron Allah ne. Birkin hannu. Da birkin hannu ya saye ni. Kullum na kwanta sai in ji muryarsa, "ba zan ɓoye maka ba", in ji nauyin hannunsa a kafaɗata, in ga yadda ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyin faɗa. Ku gaya mini, a cikinku wa zai ji wannan bai saki jiki ba?

Ya buɗe bonet, ya ɗauko tsumma ya goge jikin injin, ya haska da fitilar wayarsa ya ce in karanta. Na karanta 5L. Shi ya riƙe fitilar, ba ni ba, kuma ya tsaya ne daidai gefen da famfo yake, jikinsa ya tare. Na tuna na ɗan leƙa sai ya jawo ni zuwa baya wai in ga sifirin. Na ja ƙaramar giya, fitilar ƙafa huɗu ta kama a dashbod. Muka zaga a kan kwalta, injin na kaɗawa lafiya. A nan tsaye na tura masa ragowar rabin, na ƙara da la'adar wani da ya kira dillali, wanda bai ce uffan ba tun zuwana. Rabi da rabi, har da la'ada a kai.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a hannuna. Ko da yake maganar farfela, wato ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, ta riga, wannan a kwana na huɗu ne, ko na biyar, ranar da aka yi ruwa. Ta kafe a laka, na sa ƙafa huɗu, tayoyin baya na ta juyawa suna haƙa rami, na gaba ko motsi. Da aka jawo ta na kwanta a ƙarƙashi na duba: babu farfelar gaba. Babu ita kwata-kwata, an kwance, sai ramukan noti huɗu suna kallona. Fitilar dashbod giyar da ka ja take nunawa, ba ta san ko akwai ƙarfen da ke kai ƙarfi gaba ba. Na kira shi, ya ɗauka, ya ce a gareji aka manta da ita, gobe yaro zai kawo. Har yau ina jiran goben.

A kwana na goma sha ɗaya tana tafiya sai ta shaƙe ta mutu. Na yi duk abin da na sani, na fitar da iska, na sauya filta, shiru. Bakaniken da na kira, dattijo ne, ya leƙa sau ɗaya ya ɗago ya dube ni ya ce: "Malam, wa ya ce maka wannan ba ta da kwamfuta?" Ya nuna mini sokat-sokat na wayoyi a jikin famfon, an naɗe su da baƙin salatif an tura ƙasa. Ya kwance gefen dashbod ya zaro akwatin ƙwaƙwalwar ya ɗora mini a hannu. 5L-E ce, wato 5L mai kwamfuta. Harafi ɗaya, E, shi ne tsakanina da kuɗin shekara huɗu. Ya kwance mita, ƙwan fitilar da ke nuna matsalar injin an cire shi, ramin a buɗe. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, a gaban yaransa, ni da na gama ba su labarin irin injin da na saya.

A fahimce ni, ban ce 5L-E mugun injin ba ne. Mutane da yawa na aiki da shi lafiya, kuma da ya gaya mini gaskiya da na ce na gode na wuce. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ya san ainihin abin da nake gudu, shi da bakinsa ya faɗa, sannan ya naɗe shi da salatif ya miƙo mini.

Ba a nan ta tsaya ba. A jikin ƙofar direba, ƙarƙashin roba, muka sami takardar canjin baƙin mai da aka manta ba a ɓare ba. An rubuta kilomita 341,000. Mita na cewa 186,000, takarda na cewa 341,000, kuma Allah kaɗai ya san nawa ta ƙara bayan nan. Shasin da na gani baƙi wuluk yana sheƙi, na ɗauka kulawa ce, ashe kitso aka yi da ƙwarƙwata. Dattijon ya ɗan ƙwanƙwasa da guduma kusa da inda sifirin baya ke kamawa, fenti ya ɓare, tsatsa ta zubo kamar garin ƙasa, yatsana ya shige.

Tun ranar lambarsa a kashe. Filin da muka haɗu, masu wurin sun ce ba su san shi ba, aron wuri ya yi na yini ɗaya. Dillalin ma ko sama ko ƙasa. Yayana ya ce, "Ai da ka kira ni mun je tare." Gaskiya ya faɗa, amma ni na duba abin da ake dubawa, na karanta lambar injin, na gwada giya, na tambayi takardu. Takardun ma ana kan bincikarsu, don na kai ƙara. Saboda haka ne aka ce kada in saka sunansa tukuna, kuma ban ma yarda sunan da ya ba ni nasa ne ba.

Mai neman irin motar nan: kada ka tura ko kafin alƙalami ba ka gan ta ba. Ka je da safe, injin na sanyi, da bakanikenka da fitilarka. Famfo za ka duba, lambar injin ba ta isa ba. Ka kwanta ka ga farfelar gaba, ka gwada ta a yashi, ka ƙwanƙwasa shasi.

Da dare zan saka hotunan hirarmu, da shaidar tura kuɗin duka biyun, rabin farko da rabi na biyu, da bidiyon injin, da hoton takardar 341,000 ɗin, da saƙon muryar da yake rantsuwa. Duk wanda ya gane muryar, ko aka taɓa ce masa "birkin hannu ne kawai laifinta", don Allah ya yi mini magana. Motar na nan a garejin dattijon an ɗora ta a kan duwatsu, akwatin ƙwaƙwalwar kuma yana ɗakina, zan kai shi shaida.