Faifan jaz na Blue Note da aka sake bugawa: Tone Poet ko Classic Vinyl?

Kamfanin Blue Note, wanda Alfred Lion ya kafa a birnin New York a 1939, yana sake buga tsofaffin faifansa na garmaho a jeri biyu. Na farko shi ne Tone Poet, wanda ya soma fitowa a 2019, shekarar da kamfanin ya cika 80, a ƙarƙashin kulawar Joe Harley. Na biyu shi ne Classic Vinyl, da ya biyo baya a ƙarshen 2020. A Amurka faifan Tone Poet guda kan kama tsakanin dala 35 zuwa 40, na Classic kuwa tsakanin 25 zuwa 30. Mai saye yakan ɗauka cewa mai tsadar ya fi daɗin sauti, kuma ba lallai ba ne. Mutum ɗaya ne yake yanka su duka, wato Kevin Gray, a ɗakin aikinsa na Cohearent Audio da ke Kalifoniya, kuma yawanci daga tef na asali yake ɗaukowa. Ƙarin kuɗin yana tafiya ne a kwali, da masana'antar da ta buga, da irin kiɗan da aka zaɓo.

Sai an san yadda ake yin faifai kafin a gane hakan. Ana ɗora tef ɗin da aka naɗi kiɗan a kansa tun shekarun 1950 ko 1960, sautin ya bi ta na'ura zuwa wata allura mai kaifi wadda take sassaƙa layi a jikin faranti mai shafe mai laushi. A wannan mataki ne ake yanke kusan komai: ƙarfin sauti, zurfin layi, yawan amon bas, da tazarar da ke tsakanin layi da layi. Daga nan sai a lulluɓe farantin da ƙarfen nikel, a fitar da hatimi, a sa hatimin a inji ya danne curin roba mai zafi. Masana'anta ba ta iya ƙara wa faifai abin da mai yanka bai sa ba, iyakarta ta kiyaye shi ko ta ɓata shi. Haka kuma nauyin giram 180 da ake bugawa a jikin takardar talla ba ya ƙara zurfin layi ko kaɗan. Amfaninsa dai faifan ya zauna daram a kan faranti, ya kuma yi daɗin riƙewa.

Ana buga Tone Poet a masana'antar RTI da ke Camarillo a Kalifoniya, kwalinsa kuwa aikin Stoughton Printing ne. Kwali ne mai kauri, yawanci mai buɗewa gida biyu, an buga hoton a takarda daban sannan aka manna ta a kan kwalin, kamar yadda ake yi a da. Idan ka buɗe na Blue Note za ka tarar da hotunan da Francis Wolff ya ɗauka a ranar naɗin, baƙi da fari, manya, har kana ganin gumi a goshin mai busa da takardun kiɗa a kan piyano. Faifan yana zuwa a cikin jaka mai laushi wadda ba ta karce shi. Wannan aiki ne na ƙwarai, kuma wanda yake son abin da zai riƙe ya duba yana saurare ba zai ji an cuce shi ba.

Classic kuma ana buga shi a masana'antar Optimal a Jamus. Kwalinsa siriri ne, gida ɗaya, ba hotunan ciki. Wasu daga cikin na farko-farko sun zo a jakar takarda zalla, wadda takan bar ɗan gurzau a fuskar faifai, don haka a tanadi jakunkuna masu shafen roba a canja tun ranar farko. Ban da wannan, idan ka samu kwafi mai lafiya, kunne ba zai nuna maka inda dala goman ta tafi ba. Abu ɗaya dai a lura: jerin Classic ya haɗa da wasu kaɗe-kaɗe na baya-bayan nan waɗanda tun asali da na'urar dijital aka naɗe su. Waɗannan ba su da tef da za a yanko daga gare shi, don haka a karanta takardar da ke manne a gaban ledar kafin a biya.

Inda jerin biyu suka rabu da gaske shi ne wajen zaɓi. Classic yana ɗauko fitattun da kowa ya sani, ya ma fara ne da The Sidewinder na Lee Morgan da The Real McCoy na McCoy Tyner. Tone Poet yakan tono waɗanda suka kwanta a sito. Ya buɗe da Etcetera na Wayne Shorter, wanda aka naɗa a 1965 amma bai ga kasuwa ba sai 1980. Akwai Minor Move na Tina Brooks, naɗin 1958, shi ma sai 1980 ya fito, a Japan. Yana kuma shiga rumbun wasu kamfanonin da kayansu suka dawo hannun Blue Note, irin su Pacific Jazz da Solid State da United Artists, shi ya sa ake samun Chet Baker da Duke Ellington a jerin. A irin waɗannan ne kuɗin Tone Poet yake halatta, domin tsohon bugunsu ko dai yana da wuyar samu, ko kuma bai kai wannan kyau ba. Wanda yake fara tara faifai ya soma da Classic, ya san gidan tukuna.

Blue Train na John Coltrane shi ne babban abin gwaji. An naɗe shi ranar 15 ga Satumba 1957 a falon gidan iyayen injiniyan naɗin sauti Rudy Van Gelder da ke Hackensack, jihar New Jersey, tare da Lee Morgan, Curtis Fuller, Kenny Drew, Paul Chambers da Philly Joe Jones. Shi kaɗai ne faifan da Coltrane ya jagoranta a Blue Note. A 2022 Tone Poet ya fitar da shi iri biyu: mono a faifai ɗaya, da sitiriyo a faifai biyu, na biyun ɗauke da gwaje-gwajen naɗi bakwai da ba su shiga bugun asali ba. A wancan lokaci Van Gelder yana kunna na'ura biyu a tare, ɗaya mono ɗaya sitiriyo, saboda haka kowane bugu yana da tef nasa na kansa. A mono, masu busan uku suna fitowa a dunƙule daga tsakiya, da nauyi, kuma haka mutanen wancan zamani suka ji shi. A sitiriyo an raba kayan kiɗan hagu da dama, kana jin kowa a wurinsa, kugen ganga ya fi sakewa, sai dai a lasifikar kunne rabuwar takan yi yawa har ta gajiyar. Ra'ayinmu shi ne wanda zai sayi ɗaya ya ɗauki mono. Faifan gwaje-gwajen na ɗalibin Coltrane ne, mai son ya ji yadda salon busa ya sauya daga gwaji zuwa gwaji. Sauran mutane za su saurara sau biyu su ajiye.

A akwati kuwa, wato faifai da yawa a kunshi ɗaya, na farkon da Tone Poet ya fitar shi ne Round Trip na Ornette Coleman a 2022, faifai shida: kashi biyu na wasan da ya yi a Golden Circle a Stockholm a 1965, da The Empty Foxhole inda ɗansa Denardo yake buga ganga yana ɗan shekara 10, da New and Old Gospel na Jackie McLean, sai New York Is Now! da Love Call. Na Stockholm ɗin su ne zuciyar akwatin, mutum uku kacal a dandamali, sautin bas ɗin yana fita tas. Amma kiɗan Coleman ba na kowa ba ne, a fara jin sa a intanet kafin a zuba kuɗin faifai shida. Kada kuma a ɗauka akwati ne irin na Mosaic Records, wanda tun 1983 yake tattara duk abin da mawaƙi ya naɗa wa kamfani, a jera bisa kwanan wata. Wannan kundaye shida ne kamar yadda suka fito, kowanne a kwalinsa.

Sabon faifai, ko na wace masana'anta ne, yakan zo da aibi, kuma dole a gano shi kafin wa'adin mayarwa ya wuce. Mafi ciwo shi ne inda roba ba ta cika hatimi ba, saboda ta huce kafin inji ya gama dannawa. Ana jin sa kamar ana yaga ƙyalle, na ɗan daƙiƙa, yawanci a lasifika ɗaya kuma kusa da bakin faifai. A ƙarƙashin fitila mai ƙarfi za ka ga ɗige-ɗige masu ƙyalli a jere cikin layin. Wanki ba ya gyara shi, sai mayarwa. Na biyu shi ne rami da ya kauce daga tsakiya: ka dubi hannun allura, in yana lilo hagu da dama a kowane zagaye, to amon piyano mai tsawo zai riƙa rawa. Na uku lanƙwasa, wadda ake gani idan aka sa ido daidai da gefen faifai yana juyawa. Kaɗan ba ta da illa muddin allura ba ta tsalle.

Akwai kuma abin da ba laifin bugu ba ne. Tef mai shekara 60 yakan yi ɗan huci a bayan kiɗa, wani wurin sauti ya ɗan nutse ya dawo, wani lokaci ka ji inuwar busa a hankali kafin busan kansa, saboda maganaɗisun tef ya ratsa daga zagaye zuwa zagaye tsawon ajiya. Duk kwafin da ka canja haka za ka ji.

Mai saye daga Kano ko Zinder yana da ƙarin abin lura. Idan za a aiko daga waje, a roƙi mai sayarwa ya zare faifan daga kwali ya ajiye shi a gefensa cikin jakarsa, in ba haka ba gefen faifan zai yi ta bugun kwalin a hanya har ya tsaga shi. Zafin cikin mota a rufe a watan Afrilu ya isa ya lanƙwasa roba, don haka kada kunshi ya kwana ko ya wuni a but. A jera faifai a tsaye, ba a kwance wani kan wani ba, nesa da taga da bangon da rana take duka. Da hunturu iska takan bushe, roba ta riƙa jan ƙura, ka ji ƙas-ƙas a faifan da bai taɓa karcewa ba. Buroshi mai gashin kabon kafin kowane saurare yana rage wannan, wanki kuma da tataccen ruwa ake yi, ba ruwan famfo ko na rijiya ba, don suna barin gishiri a cikin layi.

Allura ce take kashe faifai ko ta raya shi. Allurar Audio-Technica VM95E tana son nauyin giram 2, Ortofon 2M Red kuma 1.8, kuma da ƙaramin sikeli ake aunawa, ba da ido ba. Kamfanin Audio-Technica ya ƙiyasta wa allurarsa mai ƙirar ƙwai kimanin awa 300 kafin a canja. Injin juya faifai da aka sayo daga Amurka kuma a bincike shi: can wutar volt 120 ce mai bugun 60 a daƙiƙa, a Najeriya da Nijar kuwa bugun 50 ne. Taransifoma tana rage ƙarfin wuta amma ba ta canja bugun, don haka injin da motarsa take bin bugun wuta kai tsaye zai juya wajen sau 28 a minti maimakon 33 da sulusi, kiɗan ya yi nauyi ya ja ƙafa. Maganinsa a canja ɗan gargaren da bel yake hawa zuwa na bugun 50, ko tun farko a sayi inji mai daidaita gudunsa da kansa.