Civilization V ko VI: a wanne ne abota ke da daraja?

Salamu alaikum 'yan zaure. Daren Asabar ƙaninmu da ke karatu a Jami'ar Jos ya jefo tambaya, aka yi ta ba shi amsa guntu-guntu har maganar ta nutse a cikin hirar ƙwallo. Abin da ya ce shi ne: "Yayyena na gaji. Duk wasan da na fara a Civilization V, kafin zagaye na 200 kowa ya yi tir da ni, har wanda muka ƙulla abota da shi. In koma VI ne? Wanne ya fi kyau a harkar diflomasiyya? Kuma kwamfutata ba mai ƙarfi ba ce." Ga wanda bai sani ba, Civilization wasan kwamfuta ne da kake mulkin ƙasa zagaye bayan zagaye kana gogayya da wasu sarakuna, V shi ne na biyar, VI na shida. Na ce bari in zauna in ba shi amsa a tsanake, don na daɗe a kan wasannin nan biyu.

Ƙanina, kafin komai mu daidaita abin da muke aunawa. Na biyar ya fito a 2010, amma diflomasiyyarsa ba ta cika ba sai da ƙarin Brave New World ya zo a 2013. Na shida ya fito a 2016, shi ma bai nuna ba sai da Rise and Fall na 2018 da Gathering Storm na 2019. Duk abin da zan faɗa a kan cikakkun nake magana. In tsurar wasan kake da shi babu ƙarin nan, rabin abin da ke ƙasa ba za ka gan shi ba.

Bambancin da ya fi kowane girma a wurina shi ne wannan: a na biyar sarakunan da kwamfuta ke juyawa suna ɓoye abin da ke cikinsu, a na shida kuwa an buɗe maka littafin bashi kana gani.

Bari in nuna maka da abin da ya faru da ni. Wani dare cikin hunturun Disamba, irin sanyin Jos ɗin nan da yatsa ke ƙin lanƙwasawa, ina lulluɓe da bargo a ɗakina a Unguwar Rogo ina wasa da Askiya na Songai. Maƙwabcina na arewa Iskandar ne na Girka. Mun yi musayar ofishin jakadanci, mun ayyana abota, mun zuba zinariya a yarjejeniyar bincike, ina sayar masa da auduga a kan zinariya 7 duk zagaye. In na ɗora kibiyar linzami a kan sunansa, duk rubutun da ke fitowa kore ne na jin daɗi, babu ja na ƙorafi ko ɗaya. Sai na kwashe mahayan Mandekalu na tura su kudu su share sansanonin 'yan ta'adda, tunda Songai ninki uku take samu na ganimar sansani. Ba a yi zagaye goma ba sai ga rundunarsa a bakin Gao. Ashe tun tuni yana kwaɗayin ƙasata, yana kuma jin haushin na ƙwace masa wani ƙaramin birni mai cin gashin kansa da yake zawarci. Wasan ya ba shi damar ya nuna fara'a ya ɓoye jan rubutun. Ta ciki na ciki. Na tuna labarin Kanta na Kabi da ya bi Askiya yaƙi a matsayin abokin tafiya, rabon ganima ya raba su, ya juya masa baya. Waɗanda suka tsara na biyar so suka yi sarkin kwamfuta ya zama abokin hamayya mai neman cin wasa kamar kai, kuma mai neman ci ba ya riƙe alkawari in ya ga ƙofarka a buɗe.

A na shida wannan ba za ta faru ba. Ranar da sarki ya amince ya ayyana abota da kai, an ɗaure hannunsa na zagaye 30, ba shi da ikon ƙaddamar maka da yaƙi, kai ma haka. Ranar da wa'adi ya cika ka sabunta nan take kafin wani abu ya shiga tsakani. Wannan doka ɗaya ita ta sauya mini salon wasa gaba ɗaya, domin iyakar da ke fuskantar aboki sai in bar ta da maharbi ɗaya in mai da hankali kan kasuwa da makaranta. Bayan abota kuma akwai ƙawance iri biyar: na bincike, na soja, na tattalin arziki, na al'adu da na addini, kowanne yana hawa mataki uku in an daɗe tare.

Sannan kowane sarki a na shida yana da halinsa da aka rubuta ƙarara. Kiliyopatra ta Masar tana girmama mai runduna, tana raina mai rauni. Harald na Norwe jiragen ruwa yake dubawa. Montezuma na Aztek yana jin zafin ka mallaki kayan alatun da ba shi da su. Sarkin Sin, Kin Shi Huwang, ba ya ƙaunar wanda ya fi shi manyan gine-ginen tarihi. Gilgamesh na Sumer kuwa kusan ranar da kuka haɗu za ka iya miƙa masa hannu ya karɓa. Bayan wannan na fili akwai wani hali na ɓoye da sai dangantaka ta yi nisa ko ka aika ɗan leƙen asiri za ka gano. Shi ya sa shawarata ta farko ga duk mai shiga na shida: zagayen da ka haɗu da sarki, aika masa tawaga a take. Zinariya 25 ce kacal, kuma in ka jinkirta ya fara yi maka kallon banza, sai ya ƙi karɓa. Akwai masu cewa wannan tsari ya mai da sarakuna kamar yara masu ƙorafi a kan abu ɗaya, kuma da gaskiyarsu a wani ɓangare. Ba daɗi Harald ya riƙa fitowa yana yi maka gorin jirgi alhali ƙasarka ko gaɓar teku ba ta da ita. Amma dai ka san laifinka, ka san kuma ko yana gyaruwa.

Yanzu ga ainihin ciwonka, wato tir ɗin da ake yi da kai. Ban ga wasanka ba, amma zan iya rantsuwa ka ci wani gari da yaƙi, wataƙila ma ƙaramin birni mai cin gashin kansa. A na biyar akwai tabon son yaƙi da ke manne wa duk wanda ya ƙwace gari, kuma nauyin tabon yana ƙaruwa in wanda ka ƙwace wa garuruwansa kaɗan ne. Ƙaramin birni gari ɗaya gare shi, ka ga cin sa daidai yake da shafe al'umma guda daga taswira. Tabon yana daɗewa bai goge ba, kuma ko wani ne ya fara tsokanarka, in ka bi shi gida ka karɓe garuruwa, kai za a kalla. Daga nan sai abin ya zama sarƙa: wannan ya yi tir da kai, abokinsa ya ga abokinsa ya yi sai ya bi sahu, wanda kuka yi abota da maƙiyinsa shi ma ya ƙullace ka. Maganinsa kaɗan ne. Kada ka yi abota da kowa da kowa, ka zaɓi ɓangare ɗaya ka tsaya. In za ka yi yaƙi ka jawo wani ku shiga tare. In ka ci garin da asalinsa na wani ne, ka mayar wa mai shi, wannan yana wanke tabo sosai. In kuma Shaka na Zulu ne maƙwabcinka, ka biya shi ya far wa wani kafin ya waiwayo ka, sau da yawa da 'yan kayan alatu da zinariya kaɗan yake yarda.

Gathering Storm ya cire wannan tabo ya kawo lissafin ƙullaci, kuma a ganina nan ne na shida ya yi wa yayansa fintinkau. Ƙullaci tsakanin mutum biyu ake rubuta shi da lamba. Wanda ya kai harin ba-zata an rubuta masa 150. Wanda ya fara yin tir, ya jira zagaye 5, sannan ya ayyana yaƙi a hukumance, 100 ne, ban da 25 na tir ɗin. Duniya kuma ragowar lissafin take dubawa. In maƙwabci ya afka maka ba sanarwa, kana bin sa bashi ke nan, kana iya karɓe masa gari ɗaya ko biyu ba wanda zai ɗaga maka murya, sai in ka zarce abin da kake bi. Ramuwar gayya tana da iyaka, kuma iyakar a rubuce take. In an zauna lafiya lissafin yana narkewa da kansa, da sauri a zamanan farko, a hankali in an shigo zamanin bindiga da jirgin sama. Abu ɗaya da ba a yafewa shi ne riƙe babban birnin wani: duk zagaye ana zaftare maka 5 daga alfarma, wato abin da ake sayen ƙuri'a da shi a Majalisar Duniya ta wasan, muddin yana hannunka.

Sai ƙananan birane. A na biyar harkar kuɗi ce zalla. Tasirinka ya kai 30 kun zama abokai, ya kai 60 kuma ka fi kowa, ka zama babban amininsu. Tasirin yana zubewa kaɗan-kaɗan kowane zagaye, sai ka cike da kyautar 250 ko 500 ko 1000, ko ka yi musu wata hidima da suka roƙa. Ife tana cikinsu, birnin addini ce a wasan. A na shida ba a sayen su da zinariya, manzanni ake turawa. Manzo 1, 3 da 6 kowanne da ladarsa, wanda ya kai 3 kuma ya fi kowa yawa shi ne uban gida, ya samu wata baiwa da birnin nan kaɗai ke bayarwa. Na ji daɗi ranar da na ci karo da Ngazargamu a taswira, tsohuwar hedikwatar Borno da kufanta ke jihar Yobe a yau. Uban gidanta yana sayen sojan ƙasa da rahusa a garuruwan da ya gina barikoki. Ka haɗa wannan da Mansa Musa na Mali, wanda kasuwarsa ta Suguba ita ma rage farashi take yi, ka ga yadda zinariya ke zama runduna cikin zagaye ɗaya.

To amma kada a ce na zo tallar na shida. In aka zo Majalisar Duniya, na biyar ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma wannan yana ba ni takaici har yau. A Brave New World majalisa tana kafuwa ne idan wani ya gano injin buga littafi kuma ya haɗu da kowa. Mai masaukin baƙi da wani guda su ke kawo ƙuduri, kuma in kana cikinsu kai kake zaɓar abin da za ka kawo: a sa wa wane takunkumin ciniki, a haramta kayan alatun da abokin gabarka ke dogaro da su, a ɗaga addininka ko aƙidarka ta zama ta duniya, a shirya baje kolin duniya. Kana iya mai da ɗan leƙen asirinka jami'in diflomasiyya a babban birnin wani, ka sayi ƙuri'arsa tun kafin zama. Ƙudurin da ka kawo yana faranta wa wasu ya ɓata wa wasu, kuma za su faɗa maka. Ga rabuwar aƙidu uku, 'Yanci da Tsari da Mulkin Kama-karya, wadda ke wargaza abotar shekara dubu ta haɗa tsofaffin maƙiya. Nan kam siyasa ake yi ta gaske. Rauninsa ɗaya ne, ƙarshen wasan: mai baitulmali mafi kauri yana saye ƙananan birane gab da zaɓen shugaban duniya ya lashe. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake zawarcin daliget a daren zaɓen fid da gwani ya san wannan hoton.

A na shida majalisa tana fara zama in wasan ya shiga zamanin tsakiya, duk zagaye 30, amma ba kai ke kawo ƙuduri ba, wasan ne ke jefo su yadda ya ga dama. Ƙuri'ar farko kyauta ce, sauran da alfarma ake saye, farashin yana hawa 10, 20, 30. Alfarmar kuwa daga irin gwamnatinka take zuwa, da ƙawance, da kowane ƙaramin birni da kake uban gidansa, kuma ana sayar da ita kamar kowace haja. Nasarar diflomasiyya tana buƙatar maki 20, kana samun ɗaya duk sanda ka faɗa ɓangaren da ya yi rinjaye. Ka ga abin ya koma canki-canka: ba abin da kake so kake zaɓa ba, abin da kake zaton za su zaɓa. Har ta kai in ka kusa ci suka haɗa kai za su rage maka maki, dabarar ita ce ka zaɓi a rage maka ɗin, don ka tsira da makin masu rinjaye. Sauran makin a nemo su a gine-gine irin Mutum-mutumin 'Yanci mai ba da 4, da gasar kai agaji ga wanda ambaliya ko aman wuta ya afka wa. Wannan na agaji yana da ma'ana, ina son sa. Ragowar bai kama ƙafar majalisar na biyar ba.

Na bakwai ya fito a Fabrairun 2025, har da Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabanni, amma wannan hira ce ta wata rana, kuma ba da kwamfutar ɗalibi ba.

Batun na'ura kuwa, na biyar yana tashi da ram mai giga 2, na shida yana neman 4 a ƙalla, kuma a ƙarshen wasa jiran zagaye yana tsawo, fanka tana kuka, batir yana zuba. In an ɗauke wuta kana tsakiyar babbar taswira za ka ji a jikinka. Na shida yana da na waya, Android da iPhone, na biyar babu.

Ga abin da zan ce ka yi, ƙanina. Tunda abin da ke damunka cin amana ne da tir ɗin da ba ka san tushensa ba, na shida da Gathering Storm shi ne naka, in kwamfutar za ta ɗauka. Ka sa ƙaramar taswira, sarakuna shida, ka rage ƙyale-ƙyalen hoto, ka ɗauki Mali ko Kanada, wadda dokar wasan ta hana a kai mata harin ba-zata. In ta ƙi ɗauka, kada ka yar da na biyar. Sake sabon wasa, ka bar ƙananan birane su sha iska, ka yi abota da mutum biyu kawai waɗanda ba sa gaba da juna, ka ajiye maharba huɗu a iyakar wanda ya fi yi maka fara'a. In ka kai zagaye na 200 ka ɗauko hoton allon diflomasiyyar ka turo zaure, ko ka same ni wajen mai shayin bakin Terminus bayan la'asar ranar Lahadi mu duba tare.