Komawa Ƙaramin Gida: Abin da Ya Kamata a Auna Kafin a Sayar da Babban

Akwai lokacin da gida yake fin ƙarfin masu shi. 'Ya'ya sun girma sun kama gabansu, ɗakuna biyu ko uku sun koma ma'ajiyar kayan da ba a taɓawa, albashi ya zama fansho, amma rufi yana nan yana neman gyara, fenti yana ɓarewa, kuma sharar da a da ake gamawa kafin hantsi yanzu takan cinye wuni guda. A nan ne tunanin sayar da gidan a koma ƙarami yake shigowa, kuma yawanci da lissafi mai sauƙi yake zuwa: a sayar da babba, a sayi ƙarami, a riƙe ragowar kuɗin. Ba kasafai lissafin yake fitowa haka ba. A ganina, yawan ɗakuna bai isa ya yanke wannan hukunci ba. Abubuwa biyu ne suke yanke shi, wato nawa ne zai rage a hannu bayan an sallami kowa, da kuma ko sabon wurin zai dace da jikin mutum kamar yadda zai kasance nan da shekara 10 ko 15.

Mu fara da kuɗin, domin a nan aka fi yaudarar kai. Mai sayar da gida yana biyan la'adar dillali da kuɗin lauya, sau da yawa kuma sai ya yi ɗan gyara kafin ya kai gidan kasuwa. Mai saye kuma yana biyan nasa lauyan, da kuɗin rajistar canjin mallaka, da harajin da hukuma take karɓa a kan cinikin, da ladan masanin da zai duba lafiyar ginin. Wanda zai koma ƙaramin gida shi ne mai sayarwa, shi ne kuma mai saye, saboda haka duka biyun a kansa suke. A ƙaddara, don misali kawai, an sayar da gida a kan 100 an sayi wani a kan 75. A baki an samu 25. Idan hidimar sayarwa ta ci 5, ta saye ta ci 4, kwasar kaya da gyaran sabon wuri da kayan ɗakin da za su shiga cikinsa suka ci 3, abin da ya rage 13 ne, wato kusan rabin abin da aka sa rai ya tafi tun ba a kwana a sabon gidan ba. Idan akwai sauran bashin banki a kan tsohon gidan, daga cikin wannan kuɗi za a fara cire shi, kuma wasu yarjejeniyoyin bashi suna ɗora tara a kan wanda ya biya kafin wa'adi. Wasu ƙasashe suna karɓar haraji a kan ribar sayar da kadara, wasu kuma sukan yafe shi ko su sassauta idan gidan ne wanda mutum yake zaune a ciki, don haka wannan tambaya ce da ya kamata a yi wa lauya tun kafin a kira dillali.

Wani abin da kan ba mutane mamaki shi ne, gidan da ya kai rabin girman wani ba ya zuwa a rabin farashinsa. Kicin da banɗaki su ne ɗakunan da suka fi cin kuɗi wajen gini, saboda famfo da wayoyin lantarki da tayil, kuma kowane gida komai ƙanƙantarsa sai ya same su. Ga kuma unguwa: mai barin babban gida a bayan gari yawanci yana neman kusa da asibiti da kasuwa da hanyar mota, kuma a irin waɗannan wurare murabba'in mita guda ya fi tsada. Mutum yana iya rage ɗakuna uku ya tarar da farashin bai sauka da kirki ba.

Inda ake samun sauƙi na gaskiya shi ne a hidimar yau da gobe. Masu harkar gidaje sun saba cewa a ware kimanin kashi 1 cikin 100 na darajar gida duk shekara domin gyara, tsohon gini kuma yakan zarce haka. Wannan ƙiyasi ne kawai, kuma takardun mutum sun fi shi faɗin gaskiya. A tattara rasiɗan wuta da ruwa da inshora da harajin gida na shekara guda cif, a ƙara da manyan gyare-gyaren da aka yi a shekara 5 da suka wuce, a raba su shekara-shekara, sannan a nemi irin wannan lissafi na gidan da ake son komawa daga bakin mai shi, da takarda a hannu. Idan bambancin ƙarami ne, kuma ragowar kuɗin cinikin ma ba ta taka kara ta karya ba, to kuɗi ba dalili ba ne na tashi, sai dai a nemi wani dalilin.

Zaɓi na farko, wanda ake yawan raina shi, shi ne a zauna a gidan a sauya yadda ake amfani da shi. A sauko da ɗakin kwana ƙasa idan gidan bene ne, a gyara banɗaki, a rufe ɗakunan da ba a shiga, a ɗauki mai taimako na 'yan kwanaki a mako. Ba a biya dillali ba, ba a rasa maƙwabtan da aka saba da su ba, kuma ga mutumin da ya manyanta maƙwabcin da zai lura cewa yau ba a buɗe ƙofa ba abu ne mai daraja ƙwarai. Aibinsa shi ne rufaffen ɗaki ma yana lalacewa, kuma dukiyar mutum tana nan a daskare cikin bulo ba ta biya masa kuɗin magani. Kusa da wannan akwai raba gidan a ba da wani sashe haya. Yana kawo kuɗin shiga, amma sai an yi wa sashen ƙofarsa da banɗakinsa da mitarsa daban, sai an tabbatar dokar gini ta wurin ta yarda, sai kuma mai gidan ya amince cewa ya zama mai karɓar haya da jin ƙorafi, aikin da ba kowa yake da haƙurinsa ba.

Zaɓi na biyu shi ne ƙaramin gida mai zaman kansa wanda ba bene ba. Ga mafi yawan ma'auratan da suka manyanta, wannan ne nake ganin ya fi, idan an same shi a wuri mai kyau. Babu matattakala, akwai ɗan fili na shan iska, babu wanda za a jira ya sa hannu kafin a gyara famfo, kuma ƙasar da ginin yake kai ta mai gidan ce. Matsalarsa ita ce a manyan birane irinsa ya yi ƙaranci, domin gidan da ba bene ba yana cin fili, kuma masu nemansa suna da yawa, saboda haka farashinsa ba ya sauka. Sannan rufi da katanga da magudanar ruwa duk suna kan mai shi kamar da, sai dai sun ragu.

Zaɓi na uku shi ne fulat a cikin ginin da mutane da yawa suke zaune, kuma shi ne ya fi bukatar bincike, domin abin da ake saye ya wuce ɗakunan da aka nuna. Mai fulat yana biyan kuɗin hidima duk wata ko duk shekara domin tsaro da shara da hasken farfajiya da lifta, wato na'urar da take hawa da mutane bene, da gyaran rufin da kowa yake ƙarƙashinsa. Wannan kuɗi ba a hannunsa yake ba, yana kuma iya hauhawa. A nemi ganin abin da aka biya a shekara 3 zuwa 5 da suka gabata domin a ga saurin tashinsa. A tambaya ko akwai asusun ajiya na manyan gyare-gyare da kuma abin da yake cikinsa, saboda ginin da ba shi da irin wannan asusu, ranar da rufi ko lifta ya lalace, kan mazauna za a raba kuɗin a lokaci guda, kuma ga mai fansho wannan babban nauyi ne. A tambaya ko akwai masu bashin kuɗin hidima da yawa, domin inda rabin mazauna ba sa biya, masu biyan ne suke ɗauke da ginin. A karanta takardar mallaka da idon basira: a wasu wurare mai fulat yana da rabo na dindindin a cikin ginin da filinsa, a wasu kuma haƙƙin zama ne na wasu shekaru ƙididdigaggu, kuma yayin da shekarun suke raguwa darajar fulat ɗin takan ragu, bankuna ma sukan ƙi ba da bashi a kansa. Akwai kuma dokokin zama, na hayaniya da baƙi da dabbobi da wurin ajiye mota da ko an yarda a ba da fulat ɗin haya. Duk wanda ya shekara 30 yana mai iko da ƙofarsa ya kamata ya karanta su a natse, ya tambayi kansa ko zai iya zama a ƙarƙashinsu. Lifta kuma na'ura ce, takan tsaya. Fulat a hawa na huɗu mai lifta guda ɗaya yana iya tsare mai ciwon gwiwa a ɗaki har sai an gyara, don haka ko dai hawan ƙasa, ko ginin da yake da lifta biyu da wutar ko-ta-kwana.

Zaɓi na huɗu shi ne haya. Wanda ya sayar ya kama haya ya huta da gyara, kuɗinsa kuma yana hannunsa, amma haya tana tashi, hauhawar farashi tana cin ajiya, kuma mai gida yana iya cewa yana bukatar gidansa a lokacin da ɗan hayar ya kai shekara 80. Ban ga hikimar mai da shi zama na dindindin ba sai inda doka take kare ɗan haya sosai. A matsayin gwaji kuwa yana da amfani matuƙa. Mutum yana iya ba da babban gidan haya na shekara guda, ya kama ƙarami a unguwar da yake sha'awa, ya ga zafinta da sanyinta da ruwan samanta, ya ji ko ƙuncin wurin yana damunsa. Idan bai ji daɗi ba, gidansa yana nan. Akwai kuma gidajen da ake ginawa musamman domin tsofaffi, masu ma'aikata da ƙararrawar neman agaji. Suna da kyau ga mai bukatar kulawa, amma kuɗin hidimarsu yana da yawa, wasu suna cire wani kaso idan an tashi, kuma sake sayar da su yakan yi wuya tunda masu saye taƙaitattu ne.

Ko wanne aka zaɓa, a je duba shi da tef ɗin awo. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, adadin kuma yana ƙaruwa bayan shekara 70. Saboda haka a auna faɗin ƙofofi, musamman ta banɗaki, wadda magina suka saba matsewa: keken guragu yana bukatar sarari na kimanin santimita 80 domin ya wuce, da fili mai faɗin kusan santimita 150 domin ya juya. A duba ko akwai tudu a bakin ƙofar shiga, ko wurin wanka yana da dakalin da sai an ɗaga ƙafa, ko tayil ɗin yana santsi idan ya jiƙe, ko bangon zai riƙe ƙarfen dafawa. A tsaya a bakin gado a ƙirga taku nawa ne zuwa banɗaki, a kuma ga inda makunnin fitila yake, domin tafiyar tsakar dare tana da haɗari. Daga nan a fita waje a taka da ƙafa zuwa kantin magani da tashar mota mafi kusa, saboda ranar da za a daina tuƙi tana zuwa, kuma ƙaramin gidan da ba a iya fita daga cikinsa sai da mota bai warware komai ba.

Ina ba da shawara kada a matse fiye da kima. Ɗaki guda na ƙari yana da amfani, ko domin ɗa ko jika da ya zo kwana, ko domin mai jinya idan bukata ta taso. Wanda ya koma ɗaki ɗaya tak saboda tsimi, sannan ya sake tashi bayan shekara 3, ya biya dillali da lauya da haraji sau biyu. Kayan gida ma a yi musu lissafi tun da wuri: a samo zanen sabon gidan, a auna gado da kujeru da kabad, a san abin da zai shiga. Rabuwa da kayan da aka tara shekara da shekaru tana da ciwo kuma tana cin watanni, kuma biyan hayar sito domin ajiye abin da aka kasa yanke shawara a kansa hanya ce ta mayar da ribar tashin ga wani.

Kafin a sa hannu a ko'ina, a tabbatar duk wanda yake da haƙƙi a gidan ya sani kuma ya yarda, ko abokin zama ne, ko wanda sunansa yake cikin takarda, ko magadan da ba a raba musu ba idan gidan na gado ne. Idan miji yana son tashi matar kuma ba ta so, ko akasin haka, gara a jinkirta. Haka nan wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan bai kamata a gaggauta shi ya sayar ba, sai hankalinsa ya dawo jikinsa.

Saura batun wanne za a fara. Wanda ya fara saye kafin ya sayar yana iya samun kansa da gidaje biyu da bashin wucin gadi mai ruwa mai yawa, kuma matsin zai sa ya karɓi tayin da bai kai ba. Wanda ya fara sayarwa ya san ainihin abin da yake hannunsa, yana kuma da ƙarfin ciniki, sai dai yana iya bukatar wurin zama na 'yan watanni da kwasar kaya sau biyu. Ga mai dogaro da fansho, fara sayarwa ya fi aminci, musamman idan an rubuta a cikin yarjejeniya cewa mai sayarwa zai ci gaba da zama na wani ƙayyadadden lokaci bayan an biya, ko da zai biya haya a kan waɗannan watanni, har ya kammala sayen inda zai koma.