Wa zai yi gadin kanel ɗin Linux ɗinka: grsecurity, LKRG ko Falco?

Kafin ka fitar da ko sisi, ka san irin maigadin da kake nema: mai ƙwala ihu in ya ga ɓarawo, ko mai cafke shi nan take? Kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ita ce ke raba iko tsakanin manhajoji, kuma wanda ya fasa ta ya mallaki sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, gaba ɗaya. Haka aka gani a 2016 da ɓarakar Dirty COW, wadda ta kwana cikin Linux tun 2007.

Mai tsada a cikinsu grsecurity ne. Tun Afrilun 2017 kamfanin da ke yin sa ya daina raba facinsa (gyaran da ake ƙara wa kanel) kyauta, sai ka biya. Dole kuma ka sake haɗa kanel ɗinka da facin, aikin da ke buƙatar ƙwararre a ofis. Amma yana da zafin hannu: in mai amfani ya jawo kanel ta yi tuntuɓe ta hanyar da ake zargi, za a iya kashe duk ayyukansa, a hana shi shiga har sai an sake kunna injin. Mai riƙe da kuɗin jama'a ko bayanan marasa lafiya, wannan ya dace da shi.

LKRG kuwa kyauta ne. Adam Zabrocki ya ƙirƙiro shi, Openwall ta fitar da shi a 2018. Ɗora shi kawai ake yi a kan kanel ɗin da kake da ita. Yana riƙe da kwafin izinin kowace manhaja. In ya ga wadda ɗazu ba kowa ba ce yanzu ta zama root, wato mai cikakken iko a kan injin, ba ta hanyar da aka sani ba, sai ya kashe ta. Masu shi da kansu sun ce gwanin da ya san yana nan zai iya kauce masa, kuma wannan gaskiyar tasu ta ƙara mini yarda da su. Ka gwada shi a injin gwaji tukuna, domin yakan yi karo da wasu direbobin, wato manhajojin da ke sarrafa sassan injin.

Falco, wanda kamfanin Sysdig ya ƙirƙiro, ɗan rahoto ne. Yana sauraron buƙatun da manhajoji ke aika wa kanel, ya turo gargaɗi, ba ya hanawa da kansa. In ba ka da mai duba saƙonnin da tsakar dare, ihu ne bayan hari.

Ni dai, ga mai sabar ɗaya ko biyu, LKRG nake ba shi shawara, tare da sabunta kanel da zarar faci ya fito.