USDT 1,850 sun tafi saboda haruffan tsakiya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana uku ke nan rabona da barcin kirki. USDT 1,850 (kuɗin kirifto ne, kowane ɗaya kamar dala ɗaya), kuɗin kayan waya da zan tura wa mai ba ni kaya a Guangzhou. Rabi ma ba nawa ba ne, na Yayana ne.

Kada wani ya zo ya ce min ban san harkar ba. Ni nake koya wa yaran shago cewa adireshin karɓar kirifto da ya fara da T na Tron ne, hanyar da nake tura USDT ta kanta, wato TRC20, haruffa 34. Mai 0x na wasu hanyoyin ne, Ethereum ko BEP20, haruffa 42. Na Bitcoin kuwa 1 ne ko 3 ko bc1. Kullum abin da nake dubawa ke nan, kuma wallahi na duba! T ce a farko. Huɗun farko daidai, huɗun ƙarshe daidai.

Bayan La'asar ne, ina tsaye, wani na jiran in miƙa masa caja, na shiga jerin kuɗin da suka shiga da fita a walet ɗina, manhajar da nake ajiye kirifto, na kwafo adireshin da ke sama. Shi ke nan fa. Ranar Talata ke nan. Tun Litinin da daddare na tura dala 10 na gwaji, mutumina ya ce sun shiga. Har gwaji na yi! Ashe ina gama gwajin wani ɓarawo ya turo min abin da bai kai kwabo ba, daga adireshin da ya ƙera mai kama da na mutumina, ya hau sama ya zauna. Walet kuma farko da ƙarshe kawai take nunawa, tsakiya ɗigo-ɗigo.

Na duba fa. Na sake dubawa kafin in danna. 1,850.

Sai da mutumin ya ce bai ga komai ba na buɗe Tronscan, shafin da ake duba shige da ficen kuɗi a Tron, na jera su biyun harafi bayan harafi. Tsakiyar ko kama babu. A Tron kuma in kuɗi sun fita babu mai dawo da su, babu ofishin da za ka je ka yi kuka. Da na faɗa a zauren WhatsApp, nan take wani ya biyo ni wai zai ƙwato min in na ba shi dala 200 tukuna. Allah ya isa, shi ma.

Hotunan allon suna nan, zan saka su anjima in hankalina ya dawo.

Ku daina kwafo adireshi daga jerin baya. Ku karɓa daga hannun mai shi, ku karanta duka. Har yanzu ban faɗa wa Yaya ba.