Tsohon Gida da Sabon Kicin: Yadda Na Ga Aikin Kamfanin da Ya Gyara Mana Gida

Gidan da muka koma tsoho ne, mai kaurin bango da dogayen tagogi na katako, kuma manyan katakan da ke ɗauke da rufinsa a bayyane suke, duk wanda ya ɗaga kai zai gan su. Waɗannan abubuwa ne suka sa na ƙaunaci gidan tun ranar da na fara taka ƙafa a cikinsa. Maigidana kuwa mutum ne mai son sarari da haske, yana son gilashi da baƙin ƙarfe da kabad mai sulɓi wanda ko mariƙi babu a jikinsa, kuma bai ɓoye mini ba cewa kicin ɗin da muka tarar, mai duhu da ƙanƙanta, ba zai iya zama da shi ba. Da ra'ayinmu ya yi hannun riga haka, sai muka yanke shawarar neman masu sana'ar tsara cikin gida su raba mana gardama. Wannan rubutu bayani ne a kan aikin ƙaramin kamfanin da muka ɗauka, bayan mun shekara guda cur muna zaune a cikin abin da suka yi.

Kafin mu kai gare su mun tuntuɓi wasu biyu. Na farko ya ba da shawarar a rufe katakan rufin da silin, a cire tagogin, a mayar da komai sabo fil. Na biyu ya ce a yi sabon kicin ɗin da kayan zamani amma a sassaƙa masa ado, a shafe shi da fentin da zai sa ya yi kama da tsoho. Kowannensu ya zaɓi ɓangare ɗaya ya kashe ɗaya. Mai zanen kamfani na uku, mace ce mai ƙarancin magana, ba ta ce komai game da salo ba a zuwanta na farko. Ta yi awon ɗakuna, ta gwada danshin bango da na'ura, ta ƙwanƙwasa katako tana sauraron inda ya ruɓe, sannan ta tambaye mu a wane ɗaki muka fi zama kuma da wane lokaci rana take shigowa cikinsa. Bayan mako biyu ta dawo da takarda wadda ta kasa kayan gidan kashi uku: abin da za a bari yadda yake, abin da za a gyara, da abin da za a cire. Wannan takarda ita ce ta sa na amince da su, domin ta nuna mini cewa sun fahimci gidan kafin su fara yi masa kwalliya.

Ƙa'idar da suka ɗora aikin a kai ita ce, idan za a haɗa salo biyu masu saɓani, dole ɗaya ya jagoranta ɗayan ya biyo baya, in ba haka ba abin zai zama haɗin gambiza. A falo da ɗakunan kwana sun bar tsohon salo ya yi rinjaye, kayan zamani ƙalilan suka shigar. A kicin da banɗaki sun juya lissafin, sabon salo ne ke gaba, tsohon kuma bango ɗaya da taga ɗaya kawai aka bar masa. Da farko na yi gardama, na nemi a yi rabon daidai-wa-daida a kowane ɗaki don kada wani a cikinmu ya ji an danne shi. Sai ta zana mini falon sau biyu, ɗaya bisa ra'ayina ɗaya bisa nata, ta ajiye su a gabana ba tare da ta ƙara kalma ba. A zanen da ya bi ra'ayina ido ba ya samun wurin sauka, kowane kaya yana jayayya da maƙwabcinsa. Gani ya kori ji, na janye.

Abin da na fi yaba musu a kai, kuma shi ne nake ganin zuciyar aikin, shi ne yadda suka kula da mahaɗa, wato daidai wurin da sabo ya gamu da tsoho. Ba su yarda sabon abu ya yi shigar tsoho ba ko sau ɗaya. Mai zanen ta gaya mini cewa wannan ba dabararta ba ce, tsohon ra'ayi ne a tsakanin masu adana gine-gine, kuma an rubuta shi a Yarjejeniyar Venice ta 1964, inda aka ce duk abin da aka maye gurbin ɓataccen sashe da shi ya kamata ya dace da sauran ginin, amma a iya bambance shi da na asali. Ta nuna mini hotunan gidan tarihi na Castelvecchio da ke birnin Verona a Italiya, wanda mai zanen gine-gine Carlo Scarpa ya gyara, inda sabon daɓen ba ya manne da tsohon bango, an bar rata a tsakaninsu kamar kowanne yana girmama iyakar ɗan'uwansa. Irin wannan rata suka yi mana. Tsakanin sabon kabad ɗin kicin, wanda yake miƙe sambal, da tsohon bango, wanda shekaru suka ɗan karkatar da shi, sun bar siririn gurbi mai faɗin milimita 10 wanda inuwa ke cike shi. Da an matse kabad ɗin a jikin bangon, da karkatar bangon ta zama aibi a ido, ko kuma a tilasta wa kafinta ya cike wurin da tsinken katako da fenti. Da wannan gurbi sai karkatar ta koma abin sha'awa, miƙewar kabad ɗin ma ta ƙara fitowa. Haka kuma gurbin yana da amfani na zahiri, domin katako yana kumbura idan iska ta yi laima, yana motsewa idan ta bushe, kuma idan ba a bar masa wurin motsi ba sai ya tsage ko ya bankare.

Batun yaɓe ma ya nuna mini cewa haɗa salo ba maganar launi da kujeru ba ce kawai, maganar kayan gini ce da yadda suke zama da juna. Wani da ya riga mu zama a gidan ya yi wa wani sashe na bangon falo filastar siminti, kuma daidai wurin ne fenti yake kumbura yana zuba. Sun yi mana bayani cewa tsohon bango irin wannan yana shan danshi yana fitar da shi, siminti kuwa yana toshe masa hanyar numfashi, sai ruwan ya taru a baya ya kawo gishiri-gishiri a fuska. Sun kankare simintin gaba ɗaya suka mayar da yaɓen farar ƙasa, shafi uku, kowanne sai ya sha iska kwanaki kafin a ɗora na gaba, saboda farar ƙasa ba bushewa kawai take yi ba, a hankali take ƙarfi yayin da take zuƙar iskar kabon daga sarari. Aikin ya ci lokaci ƙwarai, amma yau shekara guda babu ɗigon danshi a wurin, kuma fuskar bangon mai ɗan kaushi tana karɓar hasken safiya ta wata irin siga mai laushi wadda ta sa ƙofar gilashin da ke kusa da ita ta ƙara sheƙi.

Don kada gidan ya zama kamar gidaje biyu da aka liƙa, sun zaɓi abubuwa biyu da suke maimaituwa daga ƙofar shiga har ƙurya. Ɗaya tagulla ce: tsofaffin mariƙan tagogin na tagulla ne, don haka sababbin famfunan kicin da maɓallan fitila ma aka yi su da tagulla, amma siffarsu ta zamani ce, babu zane babu ado, kuma ba a shafe su da abin hana dusashewa ba, don su tsufa su riski na asali a launi. Na biyu layi ne da ba kowa ke lura da shi ba. Saman sabuwar ƙofar ƙarfe da gilashi, da saman kabad, da shantar littattafai, duk an tsayar da su daidai da tsawon saman tsofaffin tagogi. Baƙi da dama sun ce mini gidan yana da natsuwa amma sun kasa faɗin dalili, ni kuma na yi imani wannan layi ne dalilin.

Zaɓin kujeru bai ɗauki dogon lokaci ba. A teburin cin abinci sun haɗa kujerun lanƙwasasshen katako, irin samfurin da Michael Thonet ya fitar a 1859, da wasu biyu na bututun ƙarfe masu bin tsarin da Marcel Breuer ya fara a makarantar Bauhaus ta Jamus wajen 1925. Tazarar da ke tsakanin samfuran biyu ta haura shekara sittin, ɗaya katako ɗaya ƙarfe, amma duka biyun siririn layi ne da aka lanƙwasa, shi ya sa suka zauna tare lafiya.

Sai dai aikin bai rasa kurakurai ba, kuma ba zan yi wa mai karatu adalci ba idan na ɓoye su. Mafi girma shi ne fitila. A falo sun sa ƙwayaye masu ɗumin haske, na awon Kelvin 2700 (Kelvin ma'aunin launin haske ne), waɗanda ke fito da jan katako da kyau, amma a kicin suka sa masu farin haske na 4000 bisa hujjar cewa wurin aiki ne. Hujjar ba laifi, amma sun manta cewa su da kansu suka buɗe bangon da ke tsakanin ɗakunan biyu suka sa gilashi. Da dare ya yi, sai kicin ɗin ya koma kamar ɗakin gwaje-gwaje, falon kuma ya yi rawaya kamar mai datti, duk haɗin kan da aka sha wahala a kansa da rana ya rushe. Abin ya ba ni mamaki daga mutanen da suka auna milimita a jikin bango. Da muka yi ƙorafi sun amsa kuskuren nan take, suka sauya dukkan ƙwayayen zuwa 3000, suka ƙara fitila a ƙarƙashin kabad don wurin yanke-yanke, kuma ba su ɗora mana nauyin gyaran ba.

Kuskure na biyu har yanzu yana nan. Sun ba da shawarar a yi saman teburin kicin da farin mabul domin ya zama gada tsakanin tsoho da sabo, na kuma amince saboda kyansa. Abin da ba su jaddada mini ba shi ne cewa mabul dutse ne mai laushi wanda duk wani abu mai tsami yake cin fuskarsa, ya bar tabon da goge-goge ba ya fitarwa. An ambaci hakan a layi ɗaya cikin takardun da suka ba mu, amma magana irin wannan a baki ya kamata a faɗe ta, a maimaita, tun kafin a yanka dutsen. Mai zanen tana ganin tabon wani nau'in tsufa ne mai kyau, daidai da dusashewar tagulla. Ban yarda da ita ba a nan. Tagulla gaba ɗayanta take sauya launi, mabul kuwa dabbare-dabbare yake yi, kuma wanda yake girki kullum shi ne ya san bambancin. Da an ba ni zaɓi tun farko tare da cikakken bayani, da dutse mai tauri na ɗauka.

Akwai kuma amsa-kuwwa. Gilashi da ƙarfe da daɓe mai tauri ba sa shanye sauti, ga shi rufin yana da tsawo, don haka a makonnin farko ko cokali ya faɗi a kicin sai an ji a ɗakin kwana. Labule mai kauri da babbar darduma a falo sun rage matsalar sosai, amma mu muka gano maganin da kanmu, alhali wanda ya cire bango ya kamata ya yi tunanin abin da bangon yake tarewa. Game da lokaci, sun yi alkawarin wata huɗu aikin ya kai shida. Rabin jinkirin na yaɓen farar ƙasa ne da ruɓaɓɓen katakon da aka gano bayan an ɗaga daɓe, wannan ban ga laifinsu ba, domin tsohon gida ba ya bayyana sirrinsa sai an buɗe shi. Sauran rabin kuwa rashin tsara zuwan mai walda da mai gilashi ne, har ƙofar ta zauna mako uku babu gilashi a jikinta. Abin da ya sassauta mini rai shi ne kowane ƙarshen mako suna aiko da rubutaccen bayani na abin da aka yi da abin da ya rage, kuma ba su taɓa sauya wani abu a zanen ba sai da sa hannunmu.

Wanda yake son gidan da komai ya yi kama da komai, ko wanda yake gaggawar tarewa, irin wannan kamfani ba zai gamsar da shi ba, domin tambayoyinsu suna da yawa kuma ba sa jin kunyar ce wa mai gida a'a. Amma wanda yake da tsohon gini da yake ƙauna, kuma yake son jin daɗin kayan zamani ba tare da ya shafe tarihin ginin ba, ina ba shi shawarar ya nemi masu aiki irin wannan, ya kuma roƙi abubuwa uku tun kafin ya sa hannu: a nuna masa zanen mahaɗa dalla-dalla, a gwada masa fitilu da dare a cikin gidan kansa, a kuma ba shi gutsuren kowane dutse da katako ya yi mako yana amfani da shi.

Bayan wata shida da tarewarmu sun dawo duba aiki kamar yadda yarjejeniya ta tanada. Ɗaya daga cikin tsofaffin tagogin ta fara cijewa saboda laima, kafintansu ya fere gefenta kaɗan ya shafa mata mai, sannan ya bi gurbin da ke bayan kabad da ma'auni daga sama har ƙasa, ya tarar bai matse ba ko a wuri ɗaya.